Yadda za ku raini zogale da yara a ledar fiya wata

Iyaye dan Allah ku gwada wannan da yaranku a hutun nan, ni na gwada da nawa kuma wallahi tun daga nan sun daina yar da leda a tsakar gida.

Da farko ku aike su su tsinto ledojin fiya wata a layi, a wanke, a yanke baki da almakashi, sai a huda ƙasan wuri uku don ruwa ya riƙa zurarewa, in ba haka ba irin ruɓewa zai yi.

Sai a cakuɗa ƙasa da yashi da busasshen kashin awaki a cika ledar. Kowane yaro ya saka ƙwaya 2, zurfin gaɓar yatsa kawai. A ajiye a inda rana ba ta duka sosai, ruwa kaɗan kaɗan da safe.

Cikin sati biyu za ku ga ya tsiro. Autana kullum kafin ya tafi islamiyya sai ya tsuguna ya leƙa nasa, har ƙirga ganyen yake.

In ya kai kamu ɗaya a dasa shi da damina, a yage ledar a hankali kar a taɓa saiwar, sannan a kewaye da ƙaya saboda awakin maƙwabta.