Yadda ake gano matsalar modem mai aiki da layin tarho

Intanet ta layin tarho ta kusa zama tarihi, domin ko kamfanin AOL na Amurka ya rufe tasa a ƙarshen Satumban 2025. Amma akwai masu tsohuwar kwamfuta da har yanzu da ita suke shiga, kuma da zarar ta ƙi haɗuwa sai su huce a kan kwamfutar. Sau da yawa ba ruwanta. Da kunne ake fara wannan gyara.

Zare wayar da ke bayan modem (abin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho), ka sa ta a jikin tarhon gida, ka ɗaga. In shiru ka ji, layin ne ya mutu, kamfanin tarho za ka nema. In akwai sautin nan mai tsawo, danna lamba ɗaya don ya ɗauke, sannan ka kasa kunne. Duk wani ƙaras-ƙaras ko shuu da ka ji, shi ke damun modem, tunda da sauti yake aika saƙo. Wanda ya yi zamani da layukan NITEL, tsohon kamfanin tarho na Najeriya, ya san halin damina: ruwa na shiga mahaɗar waya, magana ta tafi daidai, intanet kuwa ta yi ta katsewa. Canza wayar da gajeriya sabuwa, ka cire sauran tarho da na'urar faks da ke kan layin.

Sai ka leƙa bayan modem. Ramuka biyu ne, LINE da PHONE, kuma wayar bango a LINE take shiga. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa kwana ba intanet.

In layi lafiya yake, karanta lambar da Windows ta nuna, kada ka yi saurin rufe ta. Lamba 680 na nufin modem bai ji sautin layi ba. 676 layin da modem ke kira a cike yake, haƙuri kawai za ka yi. 678 an buga ba a ɗauka ba, don haka duba lambar da ka rubuta, ko ka manta lambar gari, ko 9 da waƙafi in sai da ita kira ke fita daga layin ofis. 691 kuwa albishir ce, don an haɗu: sunanka ko kalmar sirri aka ƙi, ko kuɗinka ya ƙare. Duba ko Caps Lock a kunne yake. In 633 ce, wata manhaja ta riƙe modem ɗin, kashe kwamfutar ka sake kunnawa.

Har yanzu shiru? Shiga Control Panel, ka buɗe Phone and Modem Options, ka zaɓi modem ɗinka, a ƙarƙashin Diagnostics ka danna Query Modem. In ya amsa, yana raye. In bai amsa ba, sake sa manhajarsa. In kuma bayan tsawa abin ya fara, wataƙila ya ƙone, domin aradu ta wayar tarho take biyowa. Shi ya sa ake zare ta da hadari ya haɗo.

Mai haɗuwa ya katse kuma, tambayi mutanen gida ko wani ya ɗaga tarho, sannan ka sa a kashe tsarin jiran kira, wanda ke shigo da wani kira alhali ana kan layi. A Amurka *70 ake sawa gaban lamba, wasu ƙasashen lambarsu daban.

Batun gudu kuwa, kada ka wahalar da kanka. Ƙa'idar gudun modem mai suna V.90 ta 1998 iyakarta kilobit 56 a daƙiƙa, kuma da wuya a kai can. In kana samun 40 zuwa 50, bar shi haka.