Yadda Ake Tsara Wi-Fi a Gini Domin Sigina Ya Kai Ko'ina

Kafin a sayi ko da na'ura ɗaya, a fara da taswirar ginin, a yi wa kowane bango alama gwargwadon abin da aka gina shi da shi, domin bango ne yake ƙayyade iyakar inda sigina zai kai. Katako ba ya rage ƙarfinsa sosai, amma bulon da aka cika da kankare, da rufin bene mai rodi a ciki, da ƙofofin ƙarfe, duk suna cinye shi ƙwarai. Saboda haka kowane hawa a ba shi nasa na'urorin watsa sigina, kada a sa rai cewa ta ƙasa za ta wadatar da sama.

Bayan haka a ƙidaya mutane, ba faɗin ɗakuna kaɗai ba. Zauren taro mai ɗaukar mutum 200 yana buƙatar na'urori da yawa ko da sigina ya cika shi, domin duk wayoyin da ke kan na'ura ɗaya layi suke bi wajen aika saƙo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kafa na'ura ɗaya a ƙure ƙarfinta, ana zaton hakan zai magance komai. Wayar hannu za ta nuna sigina cike, amma ita ba ta da ƙarfin mayar da amsa daga nesa, tamkar mai jin lasifikar masallaci daga wata unguwa wanda muryarsa ba za ta kai ga ladan ba. Abin da ya fi shi ne na'urori da dama masu matsakaicin ƙarfi, a maƙala su a silin, a tsakiyar wurin da ake zama, ba cikin kabad ko bayan firiji ba.

Wi-Fi yana aiki ne a zangunan igiyar rediyo, kowane zango kuma an raba shi zuwa tashoshi. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, don haka kada maƙwabtan na'urori su zauna a tasha ɗaya. Zangon 5 GHz yana da tashoshi masu yawa da sauri, sai dai bai kai na farko ratsa bango ba.

Kowace na'ura a ja mata kebul nata, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Tsarin PoE yana kai wuta ta cikin wannan kebul ɗin, wanda ke nufin cewa idan aka haɗa babban akwatin rarrabawa, wato inda duk kebul ɗin suke haɗuwa, da inbata, ɗauke wuta ba zai kashe na'urorin watsa sigina ba.

Idan an gama kafawa, a zagaya ɗaki ɗaki da manhajar auna sigina, ƙofofi a rufe, kuma a lokacin da mutane suke ciki. Duk inda ma'aunin ƙarfin sigina ya yi ƙasa da -67 dBm, kamar -70 ko -75, kiran bidiyo zai iya fara yankewa, sai a matsar da na'ura ko a ƙara wata a wurin, sannan a sake aunawa.