Yadda ake fara nazarin yaƙin intanet da manufofin tsaron ƙasashe

Ɗalibai da yawa suna ja da baya daga wannan fanni don tsammanin sai sun ƙware a rubuta manhajar kwamfuta. Ba lallai ba ne. Ya fi kusa da kimiyyar siyasa da dokar ƙasa da ƙasa, fahimtar yadda hari ke aiki kawai ake nema a wajenka.

Da farko, ɗauki hari guda ka bi shi daki-daki. Na Estoniya a 2007 ya fi sauƙin shiga. Gwamnati ta ɗauke mutum-mutumin wani sojan Sobiyet daga tsakiyar Tallinn, babban birnin ƙasar, nan da nan aka yi wa shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatu ambaliyar saƙonnin bogi har suka daina buɗewa, aka kwashe kusan mako 3 ana haka. Buɗe littafinka ka ja layi huɗu: wa aka kai wa hari, me ya tsaya, tsawon wane lokaci, me gwamnati ta yi. Sannan ka kwatanta shi da harin Stuxnet, wata muguwar manhajar kwamfuta da aka gano a 2010, wanda ya lalata injinan tace uraniyam a Natanz ta Iran. Ɗaya ya toshe ƙofa ne, ɗayan ya fasa ƙarfe.

Na biyu, kuma a nan za ka fi daɗewa: wa ya kai harin? Estoniya ta nuna wa Rasha yatsa, Rasha ta musanta, a ƙarshe ɗalibi ɗaya tal aka ci tara. Duk rahoton da ya ɗora laifi a kan wata ƙasa, tambayi kanka wa ya rubuta shi. Kamfanin da ke sayar da kayan tsaro yana da tasa buƙata, gwamnati ma haka. Ni dai ba na kafa hujja da rahoto guda.

Na uku, nemo takardar manufar tsaron intanet ta ƙasashe biyu. Tsallake gabatarwar, daɗin baki ne. Duba wace hukuma ce ke ba da umarni idan hari ya zo, soja ko farar hula, da kuma inda kuɗin zai fito.

Sai ɓangaren shari'a. A 2013 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa dokar ƙasa da ƙasa tana aiki a intanet, a 2015 ya zayyana ƙa'idoji 11 da ba su zama dole a kan kowa ba. Kundin Tallinn, na 2013 da na 2017, ra'ayin masana shari'a ne kan yadda dokar ƙasa da ƙasa ta shafi harin intanet, ba yarjejeniya ba, kada ka ambace shi a matsayin doka. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kuwa kan laifuka take magana, ba yaƙi ba.

Daga nan ka ƙuntata tambayar bincikenka. "Tsaron intanet a duniya" ba ya rubutuwa. "Me Yukiren ta sauya bayan harin intanet ya katse mata wutar lantarki a Disamban 2015?" zai cika maka babi.