Kafin ka karɓi aikin kanti a Houston, san dokar giya ta ranar Lahadi

'Yan'uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya. Layin waya da asusun banki ba za su ba ku wahala ba. Ku zo masallaci ranar Juma'a, kafin a watse an samu mai raka ku. Alhamdu lillahi, jama'armu ba ta barin nata a titi. Abin da ke damuna shi ne aikin farko da da yawanku ke samu, wato karɓar kuɗi a gidan mai ko kantin unguwa, inda firji ke cike da giya.

Da na ɗauko zancen sai a ce, "Yaya, ni da ba na sha, ina ruwana?" Da ruwanka mana, tunda hannunka ne ke miƙawa.

A Amurka kowace jiha da dokar giyarta. A nan Texas, shagunan barasa mai ƙarfi rufe suke duk ranar Lahadi. Giyar gwangwani da giyar inabi kuwa, kantuna ba sa fara sayarwa sai ƙarfe 10 na safe. Kafin Satumbar 2021 ma sai 12 na rana. Dokokin sun samo asali ne daga girmama ranar coci, kuma a 1961 Kotun Ƙoli ta ce jihohi na da ikon ware Lahadi a matsayin ranar hutu. Har yau ana ja-in-ja. Manyan kantuna na son a sake musu mara. Masu ƙananan shagunan barasa da dama kuwa sun fi son a bar dokar yadda take, don a ganinsu cinikin kwana shida ne zai bazu a kwana bakwai, ga ƙarin albashi da kuɗin wuta. Minnesota ta sassauta a 2017, Indiana a 2018. Don haka kada abokinka na wata jiha ya koya maka dokar Texas.

Su can su yi ta muhawararsu a majalisa. Kai matsalarka takardu ce. Sayarwa a lokacin da aka hana laifi ne, kuma wanda ya sayar ake fara kamawa. Sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 na iya jawo tarar da ta kai dala 4,000 da ɗaurin da ya kai shekara guda. Hukumar TABC, mai kula da harkar giya a jihar, kan turo yara su gwada masu kanti, jami'i na laɓe. Ranar da za ka cike fom na katin zama ko na zama ɗan ƙasa, akwai tambaya ƙarara: an taɓa kama ka ko tuhumarka da laifi? In ka ɓoye, ka ƙara wa kanka babbar masifa. In ka faɗa, sai neman takardun kotu da biyan lauya.

Akwai wani ƙanenmu da mai gidansa ya cika masa kunne cewa kada ya riƙa korar masu saye da tambayar katin shaida. Yaron kirki, mai kunyar musa wa babba. Ya miƙa wa wata yarinya ba tare da ya duba ba, ashe turo ta aka yi. Mai gidan ya ce bai san zancen ba. Mu muka yi karo-karon kuɗin lauya, hira da jami'an shige da fice kuma ta zame masa tashin hankali. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Batun halaccin aikin, ku tambayi liman, ba za ku ji abin da zai yi muku daɗi ba. Ni dai shawarata, ku nemi aikin sito ko na kula da tsofaffi ko da kuɗin bai kai ba. Wanda larura ta tsayar a kanti, ya yi kwas ɗin TABC na masu sayar da giya ta intanet, shaidarsa na aiki shekara biyu. Ya duba katin kowa, ko mai furfura ne. In wani ya ɗora giya a gabanka ranar Lahadi ƙarfe goma saura, ce masa ya jira, ko da mai gida na tsaye a kanka.