Darasi na 7: Gyaran tsoffin kayan katako don sayarwa

Kujerar da aka jingine a bayan ɗaki, da gadon da aka sauya bayan biki, kuɗi ne ga wanda ya iya gyara. Ana samun irinsu da araha a wurin 'yan gwanjo, ko a kasuwa irin ta Fanteka a Kaduna. Amma ribar tun wurin saye ake ƙulla ta.

Kada kyan fenti ya ruɗe ka. Kifa kujerar, ka duba ƙarƙashinta. Ƙwanƙwasa ƙafafun da bayan wuƙa. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta ci kuwa sai ka ji shi fanko. In ka ga ƙananan ramuka kamar na allura, gari mai laushi yana zubowa daga ciki, ƙwaro na nan. Bar wa mai shi kayansa, ko da ya ce kyauta ne. Sannan ka ɗaga ka ji nauyi. Maɗaci da iroko suna da nauyi, suna daɗewa, sun cancanci wahalarka. Farin katako mara nauyi bai cika mayar da kuɗin aiki ba. In gado ne, leƙa mahaɗarsa, don a nan kuɗin cizo ke ɓuya. Tafasasshen ruwa yana kashe shi, sai a shanya a rana ya bushe sarai.

Ƙafar da ke rawa, yawancin mutane ƙusa suke ƙara mata. Kuskure ne, ƙusa tsaga tsohon katako take yi. Cire ƙafar, ka kankare tsohon gam, ka shafa sabo, ka mayar, ka ɗaure tamau da robar tsohon tiyub ta kwana guda. Ƙaramin rami kuma, kwaɓa garin katako da gam ka cike shi.

Sai guga, inda ake gane mai haƙuri. A bayan kowace sanfefa, wato takarda mai kaushi ta goge katako, akwai lamba: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba mai laushi. Fara da 80 don cire tsohon fenti, ka bi da 120, ka ƙare da 220. Ka riƙa bin tsawon katako yadda jijiyarsa ta kwanta. In ka gitta, zanen ba zai fito ba sai ka shafa banish, man da ke sa katako ƙyalli, a lokacin kuwa aikin gama ya gama. Ɗaura ƙyalle a hanci, kuma ka kori yara daga wurin, domin wasu tsoffin fenti suna da gubar dalma.

Goge ƙurar tas, ka shafa banish siriri da buroshi mai tsabta. In ya bushe, ka bi shi sama-sama da 220, ka ƙara shafi na biyu. Da hunturu a cikin ɗaki ake wannan aiki, in ba haka ba ƙura ta manne a jiki kamar an barbaɗa gero.

Aikin gida: Ka sayi tebur naira 8,000. Sanfefa da gam da banish sun ci 5,500, ɗan dako ya karɓi 1,500. Ka sayar 22,000. Nawa ne ribarka? In aikin ya ɗauke ka kwana 2, nawa ka samu a kowace rana?