Yadda Ake Ɗaura Giyabos Ɗin Ford Type 9 a Tsohuwar MGB

Motar MGB, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, giya huɗu gare ta. In ba ta zo da na'urar ƙarin giya ta Laycock ba, da ka hau babban titi injinta mai lita 1.8 sai ya yi ta kuka. Shi ya sa masu irin motar suke ɗauko giyabos mai giya biyar na Ford Sierra, wato Type 9 da ya fito a 1982. Giyarsa ta biyar 0.82 ce, don haka gudun da inji ke juyawa sau 4,000 a minti a giya ta huɗu, a ta biyar zai koma wajen 3,280.

Ka fara da zaɓen giyabos ɗin. Type 9 iri-iri ne: na injin V6 sandarsa mai shiga kuloci ta fi ta mai silinda huɗu tsawo. Ka tambayi wanda zai sayar maka da ƙoƙon kuloci (ƙarfen da ke rufe kuloci, yana haɗa inji da giyabos) wanne ya ƙera wa ƙoƙon, sannan ka auna sandar da kanka. Ka buɗe murfin sama ka duba haƙora tun giyabos yana ƙasa, don gyara a kan benci ya fi gyara a ƙarƙashin mota sauƙi.

Na biyu, cire tsohon. A MGB inji da giyabos tare ake zaro su. Cire batir, lagireto, salansa, farfela (sandar da ke kai juyin giyabos ga tayoyin baya) da sandar giya, ka tsiyaye mai, ka ɗaga su gaba ɗaya. Tsohon giyabos kuwa ka ajiye shi, kada ka ba 'yan gwangwan. Masu tara tsofaffin motoci sukan nemi mota da kayanta na asali.

Na uku shi ne inda aikin yake. Giyabos ɗin MG a haɗe yake da ƙoƙon kuloci, na Ford kuwa da noti ake ɗaura masa nasa. Dole ke nan ka samu ƙoƙo na musamman wanda gabansa ya dace da injin MG, bayansa kuma da Ford. Wasu kan yanka su yi walda. Ban cika son wannan ba, domin zafin walda na karkatar da ƙarfe. Kowanne ka samu, ɗaura shi a inji ba tare da giyabos ba, ka kafa agogon awo a fulayiwil, ka juya inji a hankali kana duba ramin tsakiyar ƙoƙon. Kaucewarsa daga tsakiyar karanshaf kada ta wuce kusan milimita 0.13. In ta wuce, mota za ta tashi lafiya lau, amma sannu a hankali boris zai cinye, giya ta riƙa tsalle tana fita. Daga nan sai ɗan bushin da ke gindin karanshaf, inda hancin sandar giyabos ke zama: a sa sabo daidai kaurin na Ford. Sandar Type 9 inci ɗaya ce mai tsaga 23, don haka ka zura faifan kuloci a kanta ka ga yana zamewa ba cijewa. Wajen haɗawa, in giyabos ya ƙi zama, kada ka jawo shi da noti. Akwai abin da ya tokare.

Na huɗu, mazauni. Ana buƙatar sabon ƙarfen da zai tallafi bayan giyabos da robarsa. Motocin da aka yi kafin 1968 ramin da giyabos ke zama a ƙasansu ya fi matsi, sai ka gwada kafin ka ɗaure komai, ka kuma ga inda sandar giya ta ɓullo.

Farfela ma sabuwa ce, tunda ta Ford zura kanta ake yi cikin wutsiyar giyabos. Sai mota ta sauka a kan tayoyinta za ka auna tsawon, ka bar mata ɗan wurin shiga da fita, a kuma daidaita nauyinta don kada ta yi rawa.

Saura ƙananan abubuwa: wayar fitilar ribas, fitar da iska daga man kuloci, da agogon gudu, wanda zai yi ƙarya har sai an sake saita shi. Zuba man giya 75W-90 har ya kai bakin ramin gefe, kusan lita biyu. A fitar farko ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kana sauraro, ka dawo ka sake matse notocin farfela da na mazauni.