Yadda ake auna tasirin IL-6 kan kutsen ƙwayoyin dajin ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin glioblastoma, wani nau'in dajin ƙwaƙwalwa, ba sa zama wuri ɗaya. Suna kutsawa cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, shi ya sa tiyata ba ta iya kwashe su duka. Cikin sunadaran garkuwar jiki da ke zuga su akwai IL-6: yana kama mazauninsa (IL-6R) a jikin ƙwayar tare da sunadarin gp130, sai sunadarin JAK ya ta da STAT3 mai kai saƙo cikin ƙwayar, ƙwayar ta ƙara fitar da MMP-9 mai narkar da shingen da ke gabanta. Ana auna wannan kutsen da kofin Transwell, ƙaramin kofi da ake ratayawa cikin ramin faranti, wanda gindinsa ke da ramuka masu faɗin 8 µm da ƙwayoyin ke ratsawa daga sama zuwa ƙasa.

A narkar da Matrigel, sinadarin da zai zama shingen da ƙwayoyin za su kutsa, a kan ƙanƙara, cikin firiji, ya kwana. Da zarar ya ji ɗumi sai ya daskare, don haka a sanyaya bakin fifet ɗin, abin zuƙar ruwa, shi ma. A zaɓi wanda aka rage wa sinadaran girma, domin na gama-gari yana ɗauke da irinsu, kamar TGF-β, da za su rikita sakamako. A tsinka shi zuwa 200 ko 300 µg/ml, a zuba 100 µl a kowane kofi, a bar shi awa 2 a 37°C.

Ƙwayoyin, U251 ko U87 (nau'o'in ƙwayoyin dajin da ake rainonsu a ɗakin gwaji), a hana su siram, wato ruwan jinin da ake ciyar da su da shi, na dare ɗaya. A zuba 50,000 cikin 200 µl na DMEM (ruwan rainon ƙwayoyi) marar siram a cikin kofin, wato a sama, da IL-6 20 ng/ml. A ƙasa 600 µl mai siram kashi 10. A ɗaga farantin a duba: kumfa ɗaya a ƙarƙashin kofi ya isa ya bar da'ira fayau babu ƙwaya ko ɗaya.

Bayan awa 24 a goge saman da auduga a hankali, a kafe da paraformaldehyde kashi 4, a rina da crystal violet, a ƙirga ƙwayoyin da suka ratsa zuwa ƙasa a fage 5 na madubin ƙara girma a kowane kofi. Idan aka wuce awa 24, ƙwayoyin sun hayayyafa, sai a ɗauka kutse ne alhali yawa ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ga babu bambanci tsakanin kofi mai IL-6 da marar shi. Kada a yi saurin cewa IL-6 bai yi aiki ba. U87 na fitar da nasa IL-6, kuma gurɓata da ƙwayar cuta ta mycoplasma kan ƙara shi, don haka a auna yawan IL-6 a ruwan rainon da gwajin ELISA tun farko, a kuma ware kofi mai maganin tocilizumab da ke toshe mazaunin. A duba STAT3 mai fosfet a gurbin Tyr705, alamar cewa ya tashi, minti 15 zuwa 30 bayan zuba IL-6. In bai tashi ba, wataƙila ƙwayar ba ta da isasshen mazauni, sai a haɗa da narkakken IL-6R a sake gwajin.